Jaririya a Baya, Yaya a Ƙasa

Ran da aka sallamo ƙanwata daga asibiti, ɗanta na fari yana tsakar gida yana tura murfin bokiti a kan siminti, wai shi direban tirela ne. Shekararsa biyu da wata bakwai. Aka shigo da jaririya a naɗe cikin tawul, wata maƙwabciya ta durƙusa ta buɗe masa fuskarta, ta ce, "To Yaya, ga ƙanwa mun sayo maka." Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Ina mamarta?" Tsakar gida ta kaure da dariya. Shi dai bai yi ba. Tambaya ya yi tsakaninsa da Allah, kuma babu wanda ya ba shi amsa.

Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace a gidan. Jiya shi ne auta, shi ne ɗan lele, cinya tasa baya nasa. Yau an naɗa shi Yaya, sarautar da bai nema ba, babu rawani balle tambari. Na zauna da su a gidan hayarsu da ke gefen birnin Kano, ɗaki biyu da falo, tun daga haihuwa har aka yi arba'in, daga baya kuma ina leƙawa duk mako. Don mai jego da jaririya na je, amma yaron nan ne ya fi tsaya mini a rai.

A makon farko hankalin kowa yana kan ƙaramar, kuma da gaskiyar mutane. Watan farko shi ne siraɗin ɗan'adam. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Tsofaffinmu ba su da wannan lissafi a takarda, sun dai gan shi da ido, shi ya sa ba sa sakin jiki da jariri sai ya kwana biyu. Inda ake samun saɓani shi ne yadda za a tsare shi.

Rigimar farko a kan dakashi aka yi ta. Mahaifiyarmu, wadda duk muke ce wa Hajiya, ta ga wannan nono mai kauri ruwan ɗorawa, ta yamutsa fuska. A zamaninsu matse shi ake yi a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa har nono ya yi fari. Ƙanwata ta ce, "Hajiya, a asibiti an ce shi ne rigakafinta na farko." Haka ne kuwa: ɗan kaɗan ne, amma cike yake da sinadaran da ke kare hanji da jikin jariri daga cuta, kuma cikin ɗan kwana ɗaya bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu yake ɗauka a zama guda ba. Hajiya ta haƙura da wannan. Inda ta kafe shi ne ruwa. Haihuwar bazara ce, zafin Kano ya haura digiri 40, ga babu wuta. "Ko tsuntsu a wannan rana ruwa yake nema," in ji ta, "ku ce 'yar mutane sai ta yi wata shida?"

Amsar likitoci sananniya ce: fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma duk ruwan da aka ɗura wa jariri yana cike gurbin nono, wani lokaci ya shigo da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zallar nono har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye, wanda bai yi nisa da shekara biyun da Suratul Baƙara ta ambata ba. Amma wancan bincike na 2018 ya tarar kashi 29 cikin 100 kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke kan nono zalla. Ni a ganina dalili ɗaya a fili yake. A ɗakin awo uwa ake yi wa bayani, alhali cokalin yana hannun kaka. Abin da ya sauko da Hajiya ba sunan wata hukuma ba ne. Ƙanwata ce ta ce ta riƙa ƙirga mata tsumman fitsari. Da ta ga ana sauya shida, bakwai a wuni, sai ta ce, "To, wanda ke fitsari haka ai bai bushe ba." Aka rufe maganar, ko da yake na taɓa kama ta tana shafa wa jikar tata ɗigon zamzam a leɓe, na yi kamar ban gani ba.

Sauran abubuwan makon sun zo yadda suka saba zuwa. Jaririya ta ɗan rame, kamar kowane jariri, wanda kan iya rasa har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kafin ya mayar cikin mako biyu. An yi mata allurar BCG ta tarin fuka a dantse, an ɗiga mata maganin shan inna, an yi ta ciwon hanta. Cibiya kuwa, maimakon gashi da tsumma da kasko, man chlorhexidine aka riƙa shafawa, ta faɗi a kwana na takwas. Kullum da safe ana fito da ita haske a duba idonta da tafin hannunta saboda shawara, don irin wadda ta bayyana tun ranar farko ko ta sauko har tafin ƙafa ba ta jiƙe-jiƙe ba ce, ta asibiti ce.

Ran suna aka yanka rago, wanzami ya yi aski. Ya tambaya ko za a cire beli, maigidan ya ce a bar mata abinta, ya ƙara masa wani abu a kan ladansa don kada ransa ya ɓaci. Ya yi daidai. Belin nan ba cuta ba ne, halitta ce, kuma aska a maƙogwaron ɗan kwana bakwai hanya ce ta zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Gida ya cika da mata, ga tuwo ga waina ga zoɓo, ga rigunan barka ana ta ɗagawa ana yabawa. An ɗinka wa Yaya shadda sabuwa da 'yar hula. Wajen la'asar aka neme shi aka rasa. Bayan an tayar da hankali har titi, ni na same shi a bayan ƙofar ɗakin uwarsa, ya yi barci a zaune, tsokar nama a dunƙule a hannu, hular tana gefe.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa yaro ba shi kaɗai yake zuwa duniya ba, layi yake shiga. Dubi laƙabinmu: Tanko, namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu, macen da ta biyo maza, Gambo, mabiyin tagwaye, Auta, rufin ƙofa. Duk suna faɗin wanda ka tarar. Amma ban san laƙabin da muke da shi na wanda aka tarar ba, in ba wannan Yaya ko Babba ba, wanda rabinsa girma ne rabinsa kuwa umarni: ka yi haƙuri, ka bar mata, kai ne babba.

Mai jego kuwa tana can tana fama da nata. Safe da yamma ana dafa ruwa a babbar tukunya, Hajiya ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata, sai kunun kanwa da ƙauri da yaji. Wankan jego ya daɗe yana shan suka. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa da kanwar da ake zabgawa a kunu. Daga baya wani babban bincike na asibitoci da dama, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, bai samu wannan alaƙa ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wannan ba lasisin tafasa mace ba ne. Ruwan da ke saɓule fata ba shi da wani amfani, kuma mai hawan jini ba ta da haɗi da kanwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin itace za a yi ba.

Sai dai a duk wannan muhawara ana mantawa da ainihin abin da jego ya ba mace. Ba ruwan ba ne, hannuwa ne. Kwana arba'in ba ta girki, ba ta wanki, ba ta ɗebo ruwa, wani lokaci ma tana gidan iyayenta wankan gida, ga kaka ga gwaggo ga ƙannai. A gidan ƙanwata Hajiya mako biyu ta yi ta koma, don ita ma tana da tsohonta da ciwon ƙafarta. Maigidan kwana uku aka ba shi a wurin aiki. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, Jihar Kaduna kuma ta mayar da hutun haihuwar mata wata shida, amma mai shago a Kantin Kwari da direban A Daidaita Sahu, wa zai ba su? Da ba don ina nan ba, daga kwana na goma sha biyar mace ɗaya ce da hannu biyu da yara biyu.

A nan ne Yaya ya fara nasa. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun kafin azumi ya dawo da shi. Ya bar magana ya koma gwaranci. Wata rana na tarar da shi yana rarrafe daga falo zuwa ɗaki, yana waiwaye ko ana kallonsa. Duk lokacin da aka sa jaririya a nono, a lokacin ne zai ji kashi, ko ya kifar da butar alwala, ko ya hau kan tebur. Jariri kuwa yakan sha sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana guda, sai ka lissafa. Ran nan uwar tana shayarwa ya zo ya tsaya a gabanta, ya ce, "Mama, ajiye ta." Ta ce, "Bari ta ƙoshi, Yaya." Ya ce, "Ni ba Yaya ba ne." Ya faɗi sunansa, sau biyu, kamar mai tuna wa mutane bashi.

Ya mintsini jaririyar sau ɗaya, a ƙafa. Uwar ta kai masa mari kafin ta san ta yi, sannan su uku suka haɗu suna kuka. Da dare ta ce mini, "Yaya, anya yaron nan ba a yi masa baki ba?" Sai da ta kira ni da sunan sannan na ji wani abu ya motsa mini, don ni ma Yaya ce, kuma saboda ita aka naɗa ni.

Babu bakin kowa a kansa. Masana halayyar yara biyu a Kambirij ta Ingila, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bi iyalai 40 tun kafin haihuwar ɗa na biyu har bayanta, suka fitar da littafinsu a 1982. Abin da suka gani shi ne abin da na gani a tsakar gidan nan: yawancin 'ya'yan fari sun ƙara rigima da naci, musamman lokacin da uwa ke hidimar jariri, wasu sun koma baya a barci da bayan gida. Sun kuma lura da wani abu da ya fi wannan amfani. A gidajen da uwa ke yi wa babban hira a kan jaririn kamar mutum mai ji da so, tana cewa me kake gani ya sa ta kuka, zo mu duba, yaran sun fi shiri da juna daga baya. Wato mu abin da muka saba, "kauce kada ka danne ta", shi ne akasin abin da ake bukata.

Na kira Hajiya a waya na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari. "Ke har kin manta? Ai ke cizo kika yi. Kwana biyu aka kai ki wurin Inna a ƙauye, sai da kika yi wata huɗu." Tsarin da ke nan. Yaye a gidan kaka ake yi, a shafa wa nono ɗaci, a ɗauke yaro, ya dawo ya tarar an maye gurbinsa bayan ya riga ya saba da wata cinyar. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa wata ce ke riƙonsa. Ba na cewa tsarin ba shi da ciwo. Ni da aka yi wa, har yau ban san abin da ya bar mini ba. Amma yaron da yake da uwaye huɗu a gida ɗaya, in an ɗauke masa ɗaya saura uku. Yaron gidan haya, wanda uwarsa ke kiran sunansa tana sumbatarsa tana ɗora hotonsa a WhatsApp, uwa ɗaya gare shi tak. Mun ajiye kunyar, kuma na yarda mun kyauta, amma mun ajiye ta tare da jama'ar da ke tare yaro in ya faɗo.

Yaya dai ya ci sa'a, an yaye shi da wata takwas kafin haihuwar. Tunanina yana kan 'yan kwanika, waɗanda ake cire wa nono dare ɗaya don an ga ciki, bisa tsoron cewa yaro zai sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yayen gaggawa ba tare da abinci mai gina jiki ba shi ne ke jefa yaro cikin tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Kakanninmu da suke goranta wa mai kwanika ba su taɓa jin wannan adadi ba, amma kusan nan suka nufa.

Abin da ya gyara lamarin gidan ba wani abin a zo a gani ba ne. Aka ba Yaya aiki: shi ke miƙo tsumma, shi ke riƙe kwalbar man zaitun in ana shafa. Uban ya mayar da shi abokin tafiya masallaci da magariba, su biyo ta wurin mai ƙosai. Uwar kuma ta koyi wata dabara da ta ba ni dariya. In jaririya ta fara ƙananan kuka alhali tana ba shi abinci, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke yi haƙuri, ina ba wanki abinci." 'Yar wata ɗaya ba ta san me aka ce ba. Shi ya sani. Ranar farko da ya ji, sai da ya daina tauna.

Ana haka arba'in ta ƙarato, kuma na daɗe ina mamakin yadda lissafin tsofaffi da na asibiti suka haɗu a wannan gaɓa. Kwana arba'in kusan mako shida ne. A nan ake duba mai jego a ga ko mahaifa ta koma mazauninta. A nan ake yi wa jariri allurar Penta ta farko, mai kariya daga cuta biyar har da tarin shiƙa da mashaƙo, mashaƙon nan da ya yi ɓarna a Kano a 2023. Sai a koma a mako 10 da mako 14. A nan ne kukan yamma yake kai ƙololuwa kafin ya fara sauka wajen wata uku. A nan ne kuma murmushin gaske yake fitowa. Wanda jariri ke yi cikin barci tun makon farko, wanda tsofaffi ke cewa mala'iku ne ke yi masa wasa, daban yake. Wannan na mako shida zuwa takwas, ido cikin ido ake yinsa. Jariri sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke tsakanin santimita 20 zuwa 30, wato daga nono zuwa fuskar uwa, don haka ba abin mamaki ba ne ita ta fara samu. Ƙanwata tana sauya wa jaririyar riga da asuba, sai ta ƙwala mini kira kamar gobara.

Daga nan sai gasa ta tashi. Wajen yawon arba'in kowace gwaggo da nata ma'auni: wuyanta bai tsaya ba? Nawa a wata huɗu ya zauna. Wance tata tun wata tara take tafiya. Ya kamata masu wannan magana su ji abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, bayan ta bi lafiyayyun yara a Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka. Zama ba tallafi: daga wajen wata huɗu har wata tara. Tafiya ba riƙo: daga wata takwas har kusan wata goma sha takwas. Wasu ƙalilan ma ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. Duk lafiyayyu ne. Abin da ya cancanci a je a tambaya shi ne jaririn da bai razana da ƙara ba, ko ya wuce wata uku bai yi wa kowa murmushi ba, ko wata huɗu wuya yana lilo, ko ya iya abu sannan ya daina. Kuma zazzaɓi ko ƙin kama nono ga ɗan ƙasa da wata biyu ba abin a kwana da shi ba ne. Haƙori ma, da ke tsirowa wajen wata shida, an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Lokacin ne yaro ke kai komai baki, gudawar daga ƙasa take, ba daga dasashi ba.

Ran da wuyanta ya yi ƙwarin da uwar ta goya ta sosai, ta ɗaura majanyi ta shiga wanke-wanke, ina kallon Yaya. Ya tsaya yana duban bayan nan da ya yi kusan shekara biyu a kai. Bai yi kuka ba. Ya shiga ɗaki ya jawo ɗankwalin uwarsa, ya kawo mini da robar ruwa, ya juya baya ya duƙa. Na goya masa. Ya wuni yana jijjiga roba, in an yi magana da ƙarfi ya ce a yi shiru.

Allurar mako goma sha huɗu tare muka je. Layi ya kai bakin ƙofa, mata kowacce da kati a hannu da jariri a kafaɗa. Aka ɗora jaririya a sikeli, ma'aikaciyar ta ɗiga alama a kan layin katin, ta ce madalla, tana hawa. Yaya ya ja rigar matar ya ce shi ma. Ta dube shi ta yi murmushi, ta nuna masa sikelin manya da ke ƙasa. Ya cire takalmansa ya jera su, ya hau, ya ƙame kamar soja. Ta karanta nauyin da ƙarfi don ya ji, sannan ta juyo ga ƙanwata. "Maman biyu, ina katinsa? Ai har shekara biyar ake awo."

Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Tun allurar ƙyanda ba wanda ya sake ganin katin. Ko yana ƙasan akwati, ko ya ɓace wajen tashi daga tsohon gida. Na ari biron matar, na juya bayan katin jaririya, na rubuta kwanan wata da kilo goma sha uku da ɗigo huɗu. A gaba na fara rubuta Yaya, sai na soke, na sa sunansa.